Maganar Katafilar da Yaya Ke Son Saye

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya Gusau, ya iyali? Na ga saƙonka cewa in duba maka katafila ta hannu a nan Ingila, wadda za ka riƙa ba da haya ana haƙa da ita, in rusau ya samu kuma a yi. To Yaya, kafin mu zo maganar kuɗi, waɗannan ayyuka biyu ba inji ɗaya ke yin su ba.

Wadda muke rushe dogon gini da ita hannunta yana kai mita 30 zuwa 40, akwai ma ta kamfanin Kobelco na Japan mai kai mita 65. Ba bokiti ne a bakinta ba, wani muƙamuƙin ƙarfe ne da ke tauna kankare yana datse rodi kamar ana cin rake. Ɗakin direba yakan kishingiɗa baya don ya ga sama, an kewaye gilashin da garkuwar ƙarfe, ga kyamara can a ƙarshen hannu. Daga sama ake fara ci, hawa bayan hawa, ba a taɓa ginshiƙan ƙasa sai nauyin da ke kansu ya sauka. In tsayin wurin da ake ci mita 30 ne, injin zai tsaya aƙalla mita 15 daga jikin gini. Ƙasar da zai taka ma sai injiniya ya duba, don tsohuwar salga ko rijiyar da aka rufe ta isa ta kifar da shi. Irin abin da muka saba gani a gida, direba ya zo gindin bene ya ƙwaƙule ginshiƙi sannan ya ja da baya da gudu, a nan ko gwadawa ka yi ranar za ka bar aiki.

Abin da zai ba ka mamaki, injin shi ne ƙarshen zuwa. Sai an sanar da ƙaramar hukuma mako shida kafin a fara. A yanke wuta da ruwa da bututun gas. Masu binciken asbesto su shiga ɗaki-ɗaki suna ɗiban samfur, don tun 1999 aka haramta shi a ƙasar nan, kuma in an same shi wasu mutane daban ne za su cire shi a ƙulle cikin leda. Direba sai da katin shaidar ƙwarewa, na dogon hannu kuma daban yake da na haƙa. Ni aikina a ƙasa ne, bakin shinge, da oba-oba a hannu. In na ce tsaya, hannun nan yana tsayawa a sama, ko manaja bai isa ya ce a ci gaba ba. Wani lokaci takardun kan ishi mutum, a yini ba a fasa bulo ɗaya ba. Amma duk da wannan tsantseni, a 2016 wani sashen tsohuwar tashar lantarki ta Didcot ya rufta ana cikin shirya shi don rushewa, mutum huɗu suka rasu. Har yau in ana yi mana bitar safe sai an ambace su.

Sai ƙura. Akwai tiyo a jikin hannun injin yana fesa ruwa daidai inda ake tauna, wani injin kuma yana feshi daga ƙasa. Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga abin da ƙurar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Tsohon silin asbesto da leburorinmu ke fasawa da guduma, ba takunkumi, cutarsa takan yi shekara ashirin ko fiye kafin ta bayyana a huhu.

Game da saye kuwa, da yawa a nan haya suke ɗauka. In tiyon mai ya fashe, waya ɗaya, bakanike zai zo da motarsa ya haɗa sabo nan take. Sababbin injinan duk kwamfuta ce, suna son dizal mai tsabta da wani ruwa da ake kira AdBlue, in babu shi injin ya rage ƙarfi da kansa. Ka kai irin wannan Gusau, rana ɗaya zai tsaya maka a hanyar Ƙaura ba mai iya tashinsa. Gara tsohon yayi na Caterpillar ko Komatsu mai tan 20, wanda makanikanmu suka san cikinsa, kayan gyaransa kuma a nema a Ƙofar Ruwa a Kano.

Akwai inda muka fi mutanen Ingila. A gida kwano da katako da ƙofofi da rodi duk ana cire su a sake mora. Nan kuɗin lebura ya yi tsada, ƙarfe a kai narkawa, kankare a niƙe a yi cikon hanya, amma ƙofar da za ta yi shekara talatin a gidanmu sai ka gan ta a kwandon shara.

Don haka shawarata, ka saye ta don haƙa da kwasar ƙasa. Bene mai hawa biyu ko uku a cikin unguwa, a kira injiniya, a kafa katanga, a sauke shi da hannu daga sama, injin ya zo kwasar ɓaraguzai kawai. Zan turo maka hotunan guda biyu da na gani da awoyin aikin da kowace ta yi, ka nuna wa bakaniken da ka yarda da shi. Hulunan kwano da takunkumi masu kyau zan haɗa cikin kayan da za a kawo.

A gaida Inna, a ce mata maganin ƙafarta na nan tafe.

Ƙaninka.