Tankin Kifi Mai Tsire-Tsire: Abin da Za Ka Saya da Abin da Za Ka Bari a Kanti

Kafin ka tambayi farashin komai, ka amsa wa kanka tambayoyi uku: awa nawa ake samun wuta a gidanka a rana, yaya zafin ɗakin yake a watan Afrilu, kuma wane ruwa kake sha, na famfo ne ko na rijiyar burtsatse? Amsoshin nan su ne za su zaɓar maka kaya. Yawancin kayan da ake tallatawa an ƙera su ne don ɗakin da wuta ba ta ɗaukewa kuma zafinsa bai wuce digiri 25 ba. Wanda ya kwashi irin waɗannan kaya ya kai ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato ko Damagaram zai ga ganye na narkewa, gansakuka ta rufe gilashi, ya zaci hannunsa ne ba shi da sa'a.

Tsiro a cikin ruwa yana bukatar haske da iskar CO2 (iskar da mutum da kifi ke fitarwa idan sun numfasa) da taki, kuma dole ukun su tafi kafaɗa da kafaɗa. Idan haske ya yi yawa, sauran biyun suka gaza, gansakuka ce ke cin moriyar rarar. Saboda haka hanya biyu ce a gabanka: tanki mai matsakaicin haske ba tare da tukunyar CO2 ba, ko tanki mai haske sosai da tukunyar iska da taki kullum. Ga mai farawa, da duk wanda wutarsa ba ta da tabbas, ta farko ce ta dace.

Tankin kansa

Ƙaramin tanki ya fi babba wuyar riƙo. Lita 20 na ruwa suna ɗumama da sauri da rana, su huce da sauri da dare, kuma abinci kaɗan da ya ruɓe ya isa ya ɓata su. Wanda ya fi dacewa a fara da shi shi ne mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 36, wanda ke ɗaukar kusan lita 60. Gilashi mai kaurin milimita 5 zuwa 6 ya ishe shi. Mai santimita 90 da 45 da 45 yana cin kimanin lita 180, yana son gilashin milimita 8 zuwa 10, kuma idan an cika shi da yashi da duwatsu nauyinsa ya haura kilo 200, don lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Teburin katako na falo ba zai ɗauka ba.

Tankin roba mai kama da gilashi ba shi da nauyi, amma yana karcewa ko da ƙwayar yashi ce ta shiga soson gogewa. Gilashi ya fi. Idan mai yankan gilashi ne zai haɗa maka, ka tabbatar silikon ɗin da zai sa, wato gam ɗin haɗa gilashi, ba irin na banɗaki ba ne, wanda ake zuba wa maganin hana fumfuna, domin maganin yana kashe kifi. Ka cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu kafin ya shiga ɗaki. Ka shimfiɗa siririn soso a ƙarƙashinsa, kuma ka nisanta shi da taga.

Ƙasar da za a shimfiɗa

A nan ne kuɗi ke bambanta sosai. Akwai ƙasar tanki ta musamman, irin su ADA Amazonia da Tropica Aquarium Soil da Fluval Stratum. Dunƙulallen yumɓu ne mai ɗauke da abincin tsiro, yana sassauta ruwa, wato yana rage masa ma'adinai, saiwa kuma tana kama shi da wuri. Aibinsa uku ne: tsada, da amoniya, sinadari mai guba ga kifi, da wasu nau'o'insa ke saki a makonnin farko (Amazonia ta yi suna a wannan), wanda ke tilasta canza rabin ruwa sau biyu ko uku a mako, sannan ƙarfinsa yana ƙarewa bayan shekara ɗaya zuwa biyu. Idan ruwanka mai yawan ma'adinai ne, ikonsa na sassauta ruwan zai ƙare tun kafin nan.

Zaɓi na biyu shi ne yashin rafi mai kauri ko ƙananan tsakuwa masu girman milimita 2 zuwa 3, a riƙa tura ƙwayar taki a gindin tsire-tsire masu cin abinci ta saiwa duk wata uku. Yana da araha, ba ya lalacewa, kuma ya ishi duk tsire-tsiren da za a ambata a ƙasa. A wanke shi a bokiti har ruwan ya fito garau. Yashi mai laushi kamar gari yana danƙarewa, iska ba ta ratsa shi, sai ƙarƙashinsa ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Na uku shi ne tsarin da aka sani da sunan Diana Walstad, wadda ta rubuta littafi a kan tankin tsire-tsire: ƙasar lambu mai kaurin santimita 2.5 a ƙasa, a rufe ta da yashi ko tsakuwa mai irin wannan kauri. Ruɓewar ƙasar a hankali tana ba tsiro abinci da ɗan CO2. Yana aiki sosai, amma ƙasar dole ta zama wadda ba a zuba mata takin zamani ko kashin kaji ko maganin feshi ba, kuma duk ranar da ka tumɓuke tsiro ruwan zai gurɓace.

Lissafin adadi mai sauƙi ne: tsawo sau faɗi sau kauri, a raba da 1,000. Tankin 60 da 30 mai shimfiɗar santimita 5 yana cin lita 9. Duk dutsen da za ka sa, ka ɗiga masa ruwan khal. Idan ya yi kumfa, yana da sinadarin farar ƙasa, zai riƙa ƙara wa ruwa tauri, wato yawan ma'adinai.

Fitila

Ka nemi fitilar LED mai farin haske na kusan 6500K (ma'aunin launin haske, irin na hasken rana), ka duba adadin lumen ɗinta, wato ma'aunin ƙarfin haske, a kwali maimakon wat. Ma'aunin da kamfanin Tropica na Denmak ke bayarwa shi ne lumen 10 zuwa 20 ga kowace lita don tsire-tsire masu sauƙi, 20 zuwa 40 don matsakaita, sama da 40 don masu wuya. Tankin lita 60 ke nan lumen 1,200 sun wadatar. Fitilun kamfanonin Chihiros da Twinstar suna fito da launin ganye da kyau kuma wasunsu ana rage ƙarfinsu, amma fitilar LED ta waje mai wat 10 zuwa 15 wadda ruwa ba ya shiga tana tsirar da ganye lafiya lau. Shuɗiyar fitilar ado ba ta wadatar da tsiro. A kunna fitila awa 6 a rana a watan farko, daga baya 8. Abin da ya fi ƙarfin fitila muhimmanci shi ne daidaito: haske awa 12 yau, awa 2 gobe, shi ne abin da gansakuka ke so. Ƙaramar inbata ko sola za ta riƙe fitila da famfon iska (ɗan injin da ke hura kumfar iska cikin ruwa) cikin sauƙi, tun da dukkansu ba su kai wat 25 ba.

Matatar ruwa

Aikin matata ya wuce kama datti. A jikinta ne bakteriyar da ke mayar da amoniyar kashin kifi zuwa naitirayit, sannan zuwa naitiret, suke zama. Na farkon biyun guba ne, na ukun tsiro ke ci. Waɗannan bakteriya suna bukatar iskar shaƙa, kuma a nan ne ɗauke wuta ke shiga lissafi.

Matata mai rufaffiyar tukunya da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur ita ce mafi ƙarfi, amma idan wuta ta ɗauke na awanni, iskar cikinta tana ƙarewa, bakteriyar su fara mutuwa, sannan da an dawo da wuta ta watso gurɓataccen ruwan cikin tanki. Wadda ake ratayawa a bayan gilashi ta fi ta sauƙi, sai dai wasu ba sa tashi da kansu bayan ruwan cikinsu ya zurare, injin ya yi ta juyawa a bushe. Matatar soso da famfon iska mai wat 3 ke turawa ba ta da kyan gani, amma soson yana cikin ruwan tankin, ba ya shaƙewa da wuri, kuma akwai famfon iska mai USB da ƙaramin batirin cajin waya ke tafiyar da shi dare guda. Inda wuta ba ta tsayawa, ita ce zaɓi. A matse soson a ruwan da aka ɗebo daga tanki duk mako biyu zuwa huɗu. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe bakteriyar.

Iskar CO2

Cikakken tsari yana da tukunya, da kan rage matsin iska, da makunnin lantarki, da abin watsa kumfa, da ɗan kwalbar gwaji da ke zama kore idan iskar ta kai kusan miligiram 30 a lita. Shuɗi na nufin ta yi kaɗan, rawaya na nufin kifi na cikin haɗari. Ana kunnawa awa ɗaya zuwa biyu kafin fitila, a kashe awa ɗaya kafin ta mutu. Haɗin gida na sukari da yis a gorar lita 2 yana ba da iska na mako biyu zuwa uku, amma ba a iya kashe shi da dare, kuma zafi yana sa shi tafasa da sauri ya mutu da wuri; wannan hawa da sauka yana jawo baƙar gansakuka mai kama da gemu. Ruwan kabon na kwalba irin Seachem Excel yana rage gansakuka, amma yana narkar da Vallisneria. Mai tankin matsakaicin haske zai iya barin duka ukun.

Zafi da sanyi

Yawancin tsire-tsire da kifin tanki suna son digiri 24 zuwa 28. A bazara ruwa yana haura 30, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana sauke shi da digiri 2 zuwa 4. Ruwa zai riƙa raguwa, a riƙa cikowa. Hita kuwa sai a hunturu, ko a wuri mai sanyi irin Jos: wat ɗaya ga kowace lita, mai kashe kanta idan ta kai ma'auni. A cire ta daga wuta kafin a rage ruwa, in ba haka ba gilashinta ya fashe.

Tsire-tsire da kifi

Anubias barteri, wadda asalinta rafukan kudancin Najeriya da Kamaru ne, tana jure ƙarancin haske da ruwa mai tauri. Ita da Java fern ba a binne kaurarren karan da ke kwance a gindinsu. A ɗaure su da zare a jikin dutse ko itace, in an binne sai ya ruɓe. Cryptocoryne wendtii takan zubar da ganyenta kaf bayan dasawa, kada ka tumɓuke ta, sabon ganye zai fito daga saiwa. Vallisneria tana son ruwan burtsatse mai ma'adinai. Bado, wanda ake sayarwa a kantunan waje da sunan tiger lotus, yana son zafi da ƙwayar taki a gindi. Kainuwa tana shanye naitiret da sauri kuma tana yi wa tanki inuwa, amma kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa. Wanda aka ɗebo daga tafki a ajiye shi a bokiti daban na mako biyu saboda matsattsaku da ƙwan dodon koɗi. Tsiron da ake sayarwa a rufaffen kofi ba ya zuwa da waɗannan, amma ƙanana ne kuma zafin hanya yana kashe su. A guji Dracaena da sauran tsire-tsiren tukunya da ake nutsarwa a sayar; wata ɗaya ko biyu suke ruɓewa. Ka dasa da yawa tun ranar farko, aƙalla rabin ƙasan tanki.

Kifi ba ya shiga sai bayan mako 4 zuwa 6, lokacin da gwaji ya nuna amoniya da naitirayit sun koma sifili. Kayan gwaji na ɗigo sun fi na takarda daidaito. Gurami da betta suna shaƙar iska daga saman ruwa, don haka suna jure zafi da ɗaukewar wuta. Gofi da moli da filati suna son ruwa mai tauri. Neon tetra tana wahala idan zafi ya daɗe sama da 28. Karfasa da kifin zinariya suna cin ganye suna tone saiwa, tarwaɗa kuma za ta haɗiye ƙananan.

Sauran kayan da ba a yi sai da su: tiyo na zuƙo ruwa, bokitin da sabulu bai taɓa shiga ba, ma'aunin zafi, maganin cire kulorin idan ruwan famfo ne, da takin ruwa na tanki. Takin gona irin yuriya ko NPK yana sakin amoniya, kada ya kusanci kifi. A canza kashi 30 cikin 100 na ruwa duk mako. Tsohon ganye da ya yi rawaya yana nuna ƙarancin naitirojin, ƙananan ramuka a ganye ƙarancin fotasiyom, sabon ganye fari-fari kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe. Ƙura mai ruwan ƙasa da ke rufe gilashi a watan farko tana wucewa da kanta. Idan koriyar gansakuka ce ta mamaye, a rage haske zuwa awa 6 da abincin kifi kafin a nemi magani.