Ɗakin gwajin jinin da ya duba ɓargon ƙanwata

Gaskiya aikin ɗakin gwajin nan ya burge ni, duk da dai akwai inda suka gaza. Samfurin ɓargon ƙashin ƙanwata aka tura musu saboda likita na zargin sankarar jini mai saurin tsananta, wadda suke kira AML, to da suka saka shi a madubin ƙara girma sai suka ga wasu manyan ƙwayoyi dunƙule cikin ƙwayoyin jinin da ba su nuna ba, girmansu ya wuce misali.

Abin da na fi yabawa shi ne ba su yi gaggawar cewa ciwon gado na Chediak-Higashi ba ne, wanda shi ma ake ganin irin waɗannan manyan ƙwayoyi a cikinsa, amma shi tun yarinta yake bayyana da dusashewar launin fata da gashi da yawan kamuwa da cuta. Masaniyar jinin ta zaunar da mu tace wannan kama ce kawai, ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ƙwayar jinin ne ke haɗewa su zama ƙato, ƴan uwan sandunan Auer ne, wato wasu siraran sanduna da ake gani cikin ƙwayoyin jinin mai AML, kuma an fi ganinsu a nau'in AML ɗin da kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta) na 8 da na 21 suka yi musanya, ko a APL, wani nau'in AML mai haddasa zubar jini, shi ya sa nan take suka ƙara gwajin daskarewar jini da na ƙwayoyin halitta.

Matsalarsu jinkiri, ka kira waya ba mai ɗauka, rahoton kuma turancin likitoci zalla. Amma idan likitanka ya tura ka can ka je.