Rinannen dutse ya sayar mini da sunan baƙin giranait

Jama'a, kunya ce ta hana ni wannan rubutun tun makon jiya. Kashi 70 na kuɗin dutsen matakala da kantar kicin na ba wani mai sayar da dutse kafin alƙalami. Kashi 70, ko falle ɗaya bai sauke mini ba a lokacin.

Kuma kar wani ya ce wauta na yi. Da ƙafata na je wurinsa, na ga injin yanka yana aiki, ruwa na zuba a kan faifan. Ya ɗauko samfur, baƙin giranait mai kaurin santimita 3. Ni da hannuna na matsa masa lemon tsami, don na san mabul ne ke dusashewa in tsami ya taɓa shi, giranait ko gezau. Na ciro makulli na karce, bai nuna ba. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ashe kai ɗan hannu ne." Wallahi wannan dariyar ce ke hana ni barci. Samfurin gaskiya ne, shi ya sa na saki jiki.

Ranar da aka kawo kayan matakala 18 da kantar kicin, magini ya sa tef ɗin awo, ya ɗago ya kalle ni. Santimita 2. A baki kawai aka manna siririn yanki don ya yi kama da 3. Af, tun kafin nan ma sati shida mai dutsen yana ja mini rai, wai faifan yanka ya karye, wai kaya na hanya. A nan ne ya nemi ƙarin kuɗin mota, na kuma tura, bayan kashi 70 ɗin.

Sai magini ya jiƙa farin ƙyalle da tina, wato ruwan tsinka fenti, ya goga. Ƙyallen ya yi baƙi ƙirin, dutsen ya fito ruwan toka. Sheƙin ma kaki ne aka shafa. Gugar gaskiya da faifan daimon ake yin ta mataki-mataki, daga mai kaushi lamba 50 har mai laushi lamba 3000, ba ta fita da ƙyalle.

Rasit, hirarmu ta WhatsApp da hoton ƙyallen duk suna nan, zan ɗora su. Ku gwada ainihin fallen da za a yanka muku, ku sa masa alama a baya, ku je da tef da tina.

Wayar mai dutsen a kashe take kwana tara ke nan. Wai ni ne ɗan hannu!