Wata uku bayan gyaran sitiyarin akori-kurata

Da gangan na ƙi yin magana a kan aikin nan sai da ya cika wata uku. Gyaran ƙafar mota ba a yabonsa ranar da aka fito daga gareji, sai ya sha rami, ya sha gargada, ya ɗauki kaya.

Motar Toyota Hilux ce ƙirar 1994, mai ja da tayoyin baya kawai, injin dizal 2.4. Da ita nake kwaso gero da wake daga wajen Bichi da Tsanyawa in kawo Dawanau. Sitiyarinta ya daɗe yana wasa, amma irin wasan da mutum ke sabawa da shi, kamar ƙofar ɗakin da sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Sai in juya shi faɗin tafin hannu taya ba ta ko motsa ba. A kan kwalta hannuna ba ya hutawa, dama kaɗan, hagu kaɗan, kai ka ce tankaɗe nake yi. Ranar da na san abin ya wuce haka, tirela ce ta gifta ni bayan Bichi, ga kaya a baya. Iskarta ta ture ni, na murɗa, sitiyari bai kama ba sai da tayar dama ta sauka daga titi. Yaron motata salati kawai yake yi har muka tsaya.

Garejin farko na unguwarmu ne. Mai gyaran bai ko durƙusa ba. Ya buɗe bonet, ya sassauta notin da ke saman akwatin sitiyari, ya ɗaure sukurun da ke tsakiyarsa, ya ce in taɓa in ji. A tsaye kam wasan ya ragu, har na yi masa godiya. Minti goma aka yi. Da na hau titi sai na ji sitiyari ya yi nauyi, kuma in na sha kwana ba ya komowa da kansa, sai na jawo shi da hannu. Yawon da motar ke yi a titi kuwa yana nan daram. An ƙara mini wahala, ba a rage komai ba.

Sai daga baya na gane dalili. Hilux ta zamanin nan, daga ta 2005 zuwa sama, rak take amfani da shi, wato sandar ƙarfe mai haƙora da sitiyari ke turawa dama da hagu. Tsohuwa irin tawa akwati ne da ita, mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a ciki. Daga akwatin akwai hannu da ke saukowa ya tura doguwar sandar tsakiya. Ɗaya ƙarshen sandar, ta gefen fasinja, wani hannun ne ke riƙe da ita, wanda bakanikai ke ce wa aidila. Daga sandar sai tayarod biyu, kowace da gaɓa biyu, su kai ga tayoyi. Ka haɗa da bal-joyin huɗu, wato gaɓoɓin da ke riƙe da tayoyin gaba ta sama da ƙasa, da boris ɗin tayoyi, tsakanin hannunka da ƙasa gaɓoɓi sun fi goma. Kowace ta ci kaɗan, sai su taru su zama tafin hannun nan da nake ji. Sukurun akwati gaɓa ɗaya tak yake gyarawa.

Wani abokin sana'ata ne ya tura ni wurin wani dattijo da ba ya taɓa komai sai ƙafar mota. Ba allo, ba suna, inuwar darbejiya ce da yara uku. Na fara ba shi labari, ya ɗaga mini hannu.

"Alhaji, shiga ka zauna. Ka riƙa girgiza sitiyarin a hankali, iya inda yake wasa. Kada ka tsaya sai na ce."

Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, tayoyi na ƙasa, mota a kashe. Yana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, yana damƙe kowace da tafin hannu. Can ya sa yaro ya karɓe ni, ya ce in sauko. Ya kama hannuna ya ɗora a kan tayarod ɗin hagu. Na ji shi ƙwas, ƙwas, sandar na tafiya kafin ƙwallon ya bi ta. Robar da ke rufe gaɓar ta yage, giris ya haɗu da yashi ya zama baƙin kwaɓi mai gurza ƙarfe. Sannan ya nuna mini aidila. Maimakon ta juya gefe da gefe kawai, sama da ƙasa take yi kamar kan ƙadangare.

"Baba, to akwatin fa?"

"Akwati shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da shi bai duba ba."

Daga nan ya sa jak. Ya kama taya ta gefe da gefe ya girgiza, ya kuma kama ta sama da ƙasa. Nan bal-joyin ƙasa na dama ya tona kansa, boris ɗin hagu ma ya saki amma bai lalace ba, ɗauri kawai yake so. Abin da ya fi tayar mini da hankali ƙusa ce. A notin tayarod ɗaya, inda ya kamata a ce ga fil ɗin da ke hana noti kwancewa, ƙusar kafinta aka soka aka lanƙwasa, ta yi tsatsa har ta kusa rabuwa biyu. Allah kaɗai ya san shekara nawa nake gudu a kanta.

Kaya a Ƙofar Ruwa muka saya, ni da babban yaronsa. Baba ya ce 555 yake so, na kamfanin Sankei na Japan, kuma ya ja mini kunne cewa jabunsa ya cika kasuwa, kwalin ma har ya fi na gaske sheƙi. Gwajin da yaron ya yi mai sauƙi ne. Ya fito da gaɓar daga leda, ya tura sandar ƙwallon da babban yatsa. Mai kyau tauri gare shi, sai ka sa ƙarfi yake motsi, kuma a hankali yake tafiya. Wanda aka fara miƙo mana a wani shago yatsa ɗaya ya kwantar da shi. Muka ajiye muka yi gaba. Wanda muka saya ya kusa ninka wancan uku a kuɗi, na biya ina ƙunƙuni. An yi mini tayin 'yan Beljiyam da araha, amma gaɓar da ta riga ta gama aiki a wata motar ban ga me zan yi da ita ba.

Sai da ya sa aidila sabuwa, da kan tayarod biyu na waje, da bal-joyin, ya ɗaure boris, sannan ya waiwayi akwati. Abin da ya fara yi shi ne sassauta ɗaurin da aka yi a garejin farko. Ya buɗe murfin mai, ya tarar akwatin ya kusa bushewa, ya cika shi da man giya lamba 90. Ya miƙe tayoyi, gaban mota na kan jak, ya riƙa juya sukurun ƙasa da kwata, ya tsaya, ya murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ya dawo. Ya yi haka ya fi sau biyar. Bayaninsa shi ne akwati a tsakiya yake ci, don a miƙe ake yawan tafiya. In ka ɗaure har wasan tsakiya ya ɓace gaba ɗaya, gefe zai cije, kuma haƙoran ciki za su ci juna. Ya bar wasan yatsa biyu. Na so in yi gardama, sai na tuna littafin Toyota kansa ya yarda da wasa har milimita 30 a bakin sitiyari. Da na auna da tef a gida, nawa bai kai hakan ba.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Aikin da na zaci na yini ɗaya ne ya cinye mini kwana biyu da rabi, na rasa kasuwa guda. Baba ba ya sauri, kuma ba ya korar kowa, yana tsakiyar motarka wani zai zo ya tashi ya je ya saurare shi. Ba ya faɗin kuɗin aiki tun farko, sai "za mu daidaita", ni kuwa na fi son in san inda na dosa. Ba shi da sifanar auna ƙarfin ɗauri, da hannu yake ji. Yaransa kuma sun bar mini tambarin giris a kujera har yau bai fita ba. Saitin tayoyi da igiya ya yi, amma bai ɓoye mini ba, ya ce wannan na kai mota ne kawai, in wuce wurin masu na'ura. Na je, suka tarar da ɗan bambanci suka gyara.

Yanzu motar tana tafiya a miƙe. Hannu ɗaya ya ishe ni a hanyar Katsina, in na fito daga shataletale sitiyari na zamewa cikin tafina ya komo da kansa. Tayoyin gaba da a da suke cinyewa ta gefen ciki sun daina. Makon jiya na shiga ƙarƙashi da kaina, na sa yarona ya girgiza, na damƙe gaɓoɓin kamar yadda aka nuna mini. Shiru, robobin ma ba wadda ta tsage, duk da damina ta same su.

Akwatin ne dai yake ɗan tsatsafo da mai ta ƙasa, inda hannun ke fitowa. Baba ya ce roba ce, kuma tunda sai an sauke akwatin, in bari a gama kaka. Kafin nan duk Juma'a da safe nakan buɗe murfin in leƙa, galan ɗin man giya na bayan kujera.