Gargaɗi ga masu tankin kifin ruwan gishiri a Legas: naira 385,000 ya karɓa, ya manna mini bututun ƙarya

Assalamu alaikum jama'a. Kwana 4 ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai sai na faɗa, domin jiya da daddare na ga mutumin da na ɗauka ya gyara mini bututun tankin kifi ya sake saka hotunan aiki a Facebook da sabuwar lamba, har mutum biyu suna tambayarsa farashi. Naira 385,000 mutumin nan ya karɓa a hannuna. An ce kar in saka sunansa sai an gama maganar da ke gaban hukuma, to na bari. Amma rasit ɗin banki guda 3 suna nan, hirarmu ta WhatsApp tana nan, muryarsa da ya yi ta rantsuwa tana nan, duk zan ɗora.

Wanda ya san ni a titin Allen da ke Ikeja ya san shekara 17 nake harkar canji. Jabun dala da yatsa nake gane ta kafin in ɗaga ta a haske. Don haka kar wani ya zo mini da maganar wai ban yi bincike ba. Na yi. Ni da kaina ma na so in haɗa bututun tankin, shi ya sa na san abin da nake tambaya.

Tankina ƙafa 4 ne, yana cin kusan lita 400, shekara 2 yana falona a Agege. Wanda bai san harkar ba, akwai ƙaramin tanki a ƙasa cikin kabad inda ake tace ruwa. Ruwa yana malalowa daga na sama ta bututu ya sauka can, injin tura ruwa ya mayar da shi sama, haka dare da rana. Nawa bututu ɗaya ne, kuma kukan da yake yi da tsakar dare kamar an ja ruwan banɗaki ba a daina ba. Hajiyarmu da ta zo daga Katsina duba jikokinta, kwana 3 ta yi ta ce a canza mata ɗaki. Daga nan na sa a raina sai na kashe ƙarar nan.

Na yi wata biyu ina kallon bidiyo. Na san tsarin bututun da ake kira Durso, wanda ake lanƙwasa kan bututun a sa masa murfi da ɗan ƙaramin rami na iska, yana rage ƙara amma ba ya kashe ta. Na san Herbie, mai bututu biyu: na farko ruwa zalla ke cika shi babu iska ko kaɗan, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo, ana daidaita shi da bawul, wato makunnin rage ko ƙara gudun ruwa, na biyu kuma ya fi shi tsayi, yana zaune a bushe yana jiran ranar da na farkon zai toshe. Na san Bean Animal mai guda uku. Herbie na zaɓa. Abin da ya tsayar da ni huda gilashi ne kawai. Ramin milimita 45 ake buƙata don mahaɗin inci ɗaya, da baki mai lu'ulu'u ake yi, a hankali, ana zuba ruwa, kuma in hannu ya karkace tankin ya tafi. Wannan ne ya sa na nemi mai yi, tare da bawul na roba mai murɗi a hankali, wanda na zaga Orile ban samu irin da nake so ba.

Ranar Laraba ya zo gidana. Ɗan Arewa ne, Hausarsa tsaf, ya gaida ni har ƙasa. Bai yi maganar kuɗi ba. Ya durƙusa a gefen tankin, ya kara kunnensa a jikin bututun, ya rufe ido, ya ɗaga mini hannu alamar in yi shiru. Ya kai minti ɗaya a haka. Sannan ya miƙe ya ce, "Alhaji, ba ruwa ne ke kuka ba, iska ce." Wallahi nan ya gama da ni. Domin gaskiya ya faɗa, abin da na yi wata biyu kafin in fahimta shi ne ya faɗa a jimla ɗaya. Har yau in na rufe ido hoton nan nake gani, kunnensa a jikin bututu, hannunsa a sama. Wa zai ga haka ya ce wannan bai san aiki ba? Ya san aiki, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai, don da saninsa ya yi abin da ya yi.

Muka yi La'asar tare, kafaɗarsa a jikin tawa. Maman yara ta aiko da tuwo ya ci. Da zai tafi ya ce, "Alhaji, in ka sake jin ƙara bayan na gama, kuɗinka haramun ne a kaina." A daren na tura masa 240,000 na kaya, wai daga waje za su zo.

Na tsallake wani abu. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne. Na gani, kuma na tambaya, kar a ce ban tambaya ba. Ya ce na ƙanensa ne, nasa yana da matsala. A kasuwarmu kullum ana tura kuɗi ta asusun yaro ko na ɗan uwa, ban ga abin mamaki ba. Bayan kwana 6 ya kira wai kaya sun sauka, saura kuɗin fitarwa, 95,000. Wannan kuma wani asusun ne daban. Na tura. Sai 50,000 na aiki ranar da ya gama. Ku haɗa: 240,000 da 95,000 da 50,000, naira 385,000. Ban ma lissafa 10,000 da na ƙara masa na mota don jin daɗi ba.

Ranar Juma'a ya zo aikin, kuma yanzu na gane zaɓar ranar ya yi. Muka rage ruwa cikin jarkoki, muka kwashe kifin a roba. Wajen ƙarfe ɗaya ya ce, "Alhaji je ka masallaci, huda gilashi ba a barin ta a tsakiya." Na tafi. Yarona ya ce ya ji ƙarar inji. Da na dawo ya ɗora mini ɗan gilashi zagayayye a tafin hannu, da jiƙaƙƙen farin gari a tawul, ya ce ga abin da ya fito. Ya riga ya manna baƙin akwati daga ciki, bayan tankin dama baƙi ne kuma yana kusa da bango. Na leƙa na ga bututu na biyu ya sauka har ƙasa. Da muka mayar da ruwa washegari na ga bututun a bushe, na ce alhamdulillahi, domin na gaggawa a bushe ake son ganinsa. Falo ya yi tsit. Maman yara ta ce, "Alhaji, yau dai za a yi barci."

Ashe babu rami. Ko kaɗan bai huda ba. Guntun bututu ya manna daga ciki, ya manna wani daga waje da silikon, gilashi yana tsakaninsu lafiya lau. Ɗan gilashin da ya ba ni na auna daga baya, kaurinsa milimita 8, na tankina 12. A aljihu ya zo da shi. Abin da ya yi kawai shi ne ya sa bawul a tsohon bututuna ɗaya tilo ya matse shi har iska ta daina shiga. Duk wanda ya taɓa harkar nan ya san ba a matse bututu sai akwai na biyu a buɗe. Shi ma ya sani. Shi ya fara faɗa mini haka ranar Larabar, da bakinsa.

Kafin ma ambaliyar da zan ba ku labari, a kwana na 5, jatan landena biyu suka mutu, murjani, halittar teku mai rai da nake reno a tankin, ya ƙi buɗewa. Na kira shi ya ce canjin ruwa ne, in yi haƙuri. Na yarda, don mutumin da ya kara kunne ya gane iska ba zan yi masa musu ba. Sai dodon koɗi suka fara faɗowa daga jikin gilashi. Daga baya na kankare bawul ɗin da mukulli, fenti mai ruwan toka ya tashi, tagulla ta fito. Tagulla a ruwan gishiri guba ce ga murjani da jatan lande da dodon koɗi, kuma duwatsun tanki suna shanye ta su riƙa sakinta a hankali. Silikon ɗin ma na tsinci kwalinsa a shara, na banɗaki ne mai maganin fumfuna. Kayan waje na 240,000 ke nan.

Dare na 9, wajen ƙarfe 3, ɓawon mataccen dodon koɗi ya faɗa bututun ya maƙale a bawul. Ruwa ya daina sauka, inji bai daina turawa ba. Ihun maman yara ne ya tashe ni, ta taka ruwa ba takalmi, ga soket a ƙasa yana tartsatsi. Allah ne kawai ya tsare. Na ruga na kashe wutar gidan gaba ɗaya, muka yi ta kwasa da bokiti da fitilar waya har kiran Assalatu. Ashe kafin in kashe wutar injin ya yi ta juyi babu ruwa har ya ƙone. Ruwan gishiri ya bi ta ƙasa ya ɓata silin maƙwabcina. Da safe Baba mai gida ya hau sama, ya tsaya a ƙofa yana kallon kafet, ni da gemuna ina ba da haƙuri kamar yaro.

Na kira mai aikin tun ƙarfe 4 na daren, waya a kashe. Ko da yake a'a, ta shiga sau ɗaya, aka katse, sannan aka kashe. Adireshin shagon da ya ba ni wajen Ojo ne. Na bi ta Mile 2 cikin cunkoso fiye da awa 3, na tarar da wata baiwar Allah mai sayar da lemo, ta ce shekara 6 tana wurin ba ta taɓa jin sunan ba.

Naira 385,000. Ban sa injin ba, ban sa silin ba, ban sa gishirin da zan sake saya ba, giram 35 a kowace lita, buhun kilo 14 kafin tankin ya cika. Murjanin da na yi shekara 2 ina reno ya zama farin dutse.

Ku dai kar ku biya kafin kaya su zo. Ku tsaya a kansa yana hudawa, ku zura yatsa a ramin. Ku rufe bawul gaba ɗaya a gabansa ku ga ruwa ya bi ta na biyu. Ƙarfe kar ya taɓa ruwan.

Wannan gwajin na rufe bawul minti 2 ne kawai, kuma na san shi. Na ma ce masa mu gwada, ya ce silikon bai gama bushewa ba, in bari sai mako ya zagayo, zai dawo mu yi tare. Kifi 4 suka rage, suna cikin roba a kicin da ɗan injin iska. Bututun ƙaryar da ɗan gilashin suna cikin but ɗin motata, duk wanda ke Agege ko Ikeja yana son gani da idonsa ya yi mini magana. Hotunan bayan Isha'i in sha Allahu, da muryar da yake cewa kuɗina haramun ne a kansa.