Kuɗi ko kaya: wanne ya fi amfanar wanda bala'i ya faɗa wa?

Ɗan'uwa, ka tambaya: in ambaliya ko girgizar ƙasa ta auka wa mutane, gara ka tura kuɗi ko ka tara tufafi da kayan masarufi ka aika? A ganina, in wurin na nesa ne, kuɗi. In kusa ne, kuma an faɗa maka abin da ake nema da sunansa, kaya.

Zuciya ta fi karkata ga kaya, don mutum yana son ya ɗaure buhu da hannunsa, ya ga an loda shi a mota. To, bi buhun nan zuwa inda zai sauka. Sai wani ya kwance shi, ya ware na maza da na mata da na yara, ya zubar da yagaggu, ya nemo wurin ajiya. Wannan wanin kuwa shi ne ma'aikacin agajin da ya kamata a ce yana can yana raba ruwa. Bayan tsunami ta 2004 a Tekun Indiya, wato ambaliyar teku da girgizar ƙasa ta haddasa, an yi ta jibge kayan da ba wanda ya roƙa: rigunan sanyi a ƙasar zafi, magungunan da wa'adinsu ya wuce, wasu ma likitocin wurin ba sa iya karanta rubutun jikinsu. A Haiti a 2010, titin saukar jirgi ɗaya ne tal a filin jirgin Port-au-Prince, saboda haka duk jirgin da ya sauka da tarkace ya tare wa mai ɗauke da kayan tiyata wuri.

Ruwan sha ma ya isa misali. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji suke bi shi ne aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a rana, na sha da girki da wanka. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Gida mai mutum shida ke nan kilo 90 kullum. Wa zai iya jigilar wannan a kwalabe daga wata ƙasa? Kuɗin dakon kaɗai zai sayi maganin tsabtace ruwa mai yawa, ko ya gyara famfon da ya lalace.

Kuɗi kuwa ba ya neman ɗakin ajiya, kuma yana isa a ranar da aka tura shi. Wannan makon ya zama tanti, mako mai zuwa ya zama magani. In an sayi kaya a kasuwar yankin, ɗan kasuwar da shi ma ya yi asara sai ya farfaɗo, alhali kayan kyauta in sun yi yawa kashe masa ciniki suke. Shi ya sa a taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu ba da agaji suka amince su ƙara yawan kuɗin da ake damƙa wa mutane kai tsaye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: wata rufi take nema, wani maganin hawan jinin tsohuwarsa.

Amma kuɗi yana da nasa ciwon. Inda hanya ta yanke, kasuwa ta tafi da ruwa, ba abin da zai saya a kwanakin farko. Ga kuma 'yan damfara, waɗanda kan buɗe asusu tun ruwa bai janye ba. Kada hoto mai ban tausayi ya sa ka yi gaggawa. Duba ko ƙungiyar da za ka tura wa kuɗin tana da rajista, ko asusun da sunanta yake, ba da sunan mutum ɗaya ba, ko tana fitar da bayanin yadda ta kashe na baya. Red Cross ko Red Crescent tana da reshe a kusan kowace ƙasa, sannan ƙananan ƙungiyoyin da suke wurin tun kafin abin ya faru sukan riga kowa isa.

In kaya za ka kai, kira masu kula da sansanin tukuna. Abin da sukan ce ya ƙare ba tsofaffin riguna ba ne. Sabulu ne, da audugar mata, da sababbin kamfai, da gidan sauro, da bokiti mai murfi.

Zuwa da kanka kuwa, in ba ka da horo, ƙarin baki ne da za a ciyar. Gara ka koyi taimakon gaggawa tun yanzu, ka kuma riƙa ba da jini lokaci zuwa lokaci, don jinin da aka adana ba ya wuce kwana 42, kuma wanda ake sa wa masu rauni a ranar farko tun kafin bala'in aka bayar da shi.

In ka yanke kuɗi za ka tura, raba shi biyu. Tura rabi yanzu, ka riƙe rabi zuwa wata uku ko huɗu, lokacin da 'yan jarida sun tattara sun tafi, mutane kuma sun fara neman kwanon rufi da kuɗin mayar da yara makaranta.