Babur na farko a Maraɗi: wanne za ka saya, wa zai koya maka?

Duk mai fita aiki kullum daga unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo zuwa cikin gari, ko ɗalibin da ke kai da komo tsakanin gida da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ya san abin da kabu-kabu da adaidaita ke ci masa a wata. Ga zuwa ga dawowa, ga suna ga ta'aziyya, kafin wata ya mutu jikkuna sun tafi. Shi ya sa da zarar ɗan kuɗi ya taru, ko ɗibar adashi ta zagayo, sai zuciya ta tafi ga babur. Shawara ce mai kyau, ina goyon bayanta. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin ta. A kwashe kuɗin duka a kai wa mai shago, a turo sabon babur gida da ledarsa, sa'an nan a fara neman wanda zai nuna inda giya take. A ganina koyo ne farko, saye ya biyo baya, domin wanda ya riga ya hau iri biyu ko uku shi ya san wanda jikinsa ya karɓa.

Yawancinmu a hannun yaya ko aboki muke koyo, a filin ƙwallo bayan la'asar. Ba a biyan ko dala, ba kuma a jin kunyar faɗuwa. Amma aboki tashi da tafiya yake koyarwa, ba kasafai yake koyar da tsayawa ba, kuma duk kuskuren da ya gada zai gadar maka. Mafi muni a ciki shi ne maganar nan da ake yawan ji: "Ƙanena, kar ka kuskura ka taɓa birkin gaba, kayar da mutum yake." A kan kwalta, wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayar da babur daga birkin gaba yake fitowa, saboda da ka rage gudu nauyinka da na babur kan tayar gaba suke komawa. Wanda ya saba da taka na baya kaɗai, ranar da yaro ko akuya ta yanko masa hanya, tayar baya za ta kafe tana jan ƙasa, babur na tafiya. Abin da ke kayarwa shi ne cafke birkin gaba lokaci guda, ko kama shi ana cikin kwana, ko a cikin rairayi. A busasshen titi ana matsa shi a hankali, a ƙara matsawa, tare da na baya. A cikin rairayi kuwa na baya ne abin dogaro. Wannan bambanci sai hannu ya saba da shi a fili, ba a tsakiyar titi ake gano shi ba.

Wanda ya fi aboki shi ne tsohon ɗan kabu-kabu mai natsuwa, a yi jinga da shi ya riƙa ba ka awa guda da safe ko da yamma. Shi ya san yadda ake ratsa rairayi ba a sake totur ba, ya san halin direban tirela da na mai amalanke, ya san inda ruwa ke kwanciya da damina. Ba kowanne ba. Dubi babur ɗinsa tukuna: in madubansa biyu na nan, fitilarsa da siginarsa na aiki, to akwai alamar mutum ne da ke son komawa gida lafiya. Sai kuma makarantar koyon tuƙi, inda za ka san alamomin hanya, da wanda ke da hannu a shataletale, ka kuma bi hanyar samun farmi, wato lasisin tuƙi, na rukunin A, wanda shi ne na babura. Hankalin makarantun nan ya fi karkata ga mota, don haka kafin ka biya ka tambaya ko suna da babur na gwaji. Da ni za a bi, a haɗa biyun: doka a makaranta, hannu a wurin dattijon kabu-kabu.

Ko wa ke koya maka, kada ka bar fili sai ka iya tafiya a hankali daidai da mai tafiyar ƙasa ba ka sauke ƙafa ba, ka iya zagaya galan biyu kana zana lamba 8, ka iya tsayawar gaggawa daga gudun kilomita 20, sa'an nan 30. Nisan da birki ke bukata ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in ka ninka gudu sau biyu, nisan sau huɗu yake ninkuwa. Ka saba da kallon inda kake son bi, domin babur inda ido ya kafe yake nufa, mai kallon rami shi ke faɗawa rami. Makonnin farko kada ka goya kowa, kada ka kusanci babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a, hanyar Ɗan Isa da manyan motocinta kuma ka bar ta tukuna.

To, wane babur? A gaskiya zaɓin mai koyo bai wuce biyu ba, roba-roba mai cc 110 ko mai tanki a gaba mai cc 100 zuwa 125 (cc shi ne ma'aunin girman inji).

Roba-roba jikar Honda Super Cub ce, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100. Sirrinta shi ne ba ta da kuloci a hannu. Ka sassauta totur, ka taka giya, ka ci gaba. Ba ta mutuwa a hannun sabon shiga a tsakiyar mararraba, abin da ya fi komai firgita mai koyo. Nauyinta wajen kilo 100 ne, kujerarta ƙasa-ƙasa, tsakiyarta a buɗe, don haka mai zane da mai doguwar riga duk suna hawa ba tare da ɗage ƙafa ba. Lita guda kan kai ta kilomita 45 zuwa 50 in injinta lafiya lau yake. Ga malamar makaranta, ko ma'aikaciyar asibiti, ko ma'aikacin ofis wanda hanyarsa yawanci kwalta ce, ban ga abin da ya fi ta ba. Inda take gazawa shi ne rairayi mai zurfi, domin tayoyinta sirara ne, suna yanka ƙasa su nutse, kan babur ya riƙa rawa. Tankinta bai wuce lita 4 ba. Robobin jikinta kuma rana da faɗuwa suna tsattsage su, ba ta kuma son buhu biyu da mutum a baya.

Masu tanki a gaba gida biyu ne. Akwai ƴan China, da yawansu tsarin Honda CG125 suka bi, babur ɗin da aka fito da shi a tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashen da ba a cika kula da juyen baƙin mai a kan lokaci ba. Shi ya sa injinsa ke da sauƙin sha'ani, kowane makanike ya san cikinsa. Sunaye irin su Kasea da Haojue ba baƙi ba ne a titunanmu. Sai ƴan Indiya, Boxer na kamfanin Bajaj da HLX na TVS, masu doguwar kujera, waɗanda don ɗaukar fasinja da kaya aka yi su, tankin Boxer ma lita 11 yake ci. Wanda gidansa ke sababbin unguwannin bayan gari inda kwalta ba ta kai ba, ko mai zuwa aiki Tibiri, Jiratawa ko Madarunfa yana dawowa, wannan ne nasa. Tayoyinsu sun fi faɗi, cikinsu ya fi nisa da ƙasa, kuma kuloci na ba ka damar jan babur a hankali cikin rairayi inji bai shaƙe ba. Amma kulocin nan sai an ba shi kwanaki kafin hannu ya san inda yake kamawa. Sun kuma fi roba-roba nauyi, abin da ba ka ji sai ranar da taya ta sace kana turawa da tsakar rana a watan Afrilu. Wurin giya ma ba ɗaya ba ne, wani duka ƙasa ake takawa, wani ta farko ce ƙasa saura sama, don haka in da hali ka koya a kan irin wanda za ka saya.

Masu ƙananan tayoyi da ba a sa musu giya ko kaɗan suna da daɗin hawa, ga wurin ajiya a ƙarƙashin kujera. Sai dai tayar inci 10 ko 12 ba ta jituwa da rami da rairayi, ƙura kuma na cin bel ɗin da ke jan su. Na lantarki sun fara shigowa, ba ƙara ba hayaƙi, amma rayuwarsu na ga batir, zafi na rage masa kwana, canjinsa kuma da tsada. Mai cc 150 zuwa sama ban ba mai koyo shawararsa ba. Ƙarfin da ba ka iya sarrafawa ba bai rage maka minti biyar tsakanin gida da aiki, sai dai ya ƙara maka shan mai da nisan birki.

Kafin ka yanke, je wurin makaniken unguwarku ka ce masa, "Maigida, wane iri ne kayansa ba sa wuya a garin nan?" Amsarsa ta fi tallar mai shago, domin shi ke neman sarƙa da buji da takalmin birki kullum. Babur mai kyau wanda sai an aika Kano ko Yamai kafin a samo masa ƙaramin abu, kwanciya zai riƙa yi a zaure. A shago kuma ka hau ka zauna. Ƙafafunka biyu su taɓa ƙasa, ka tura shi gaba da baya, ka ɗora shi kan babbar jaki da kanka. In ka kasa ɗayan waɗannan, ya fi ƙarfinka, ko da launinsa ya burge ka.

Na hannu yana da hujja mai ƙarfi ga mai koyo, domin faɗuwar farko ba ta da zafi a zuciya in babur ɗin ya riga ya ga duniya. Amma araha ba ta ado. Ka je da makanike, ka nemi a tayar da injin da sanyinsa, ba wanda aka ɗumama kafin ka iso ba. Shuɗin hayaƙi daga salansa na nufin injin na ƙona baƙin mai. Ka duba haƙoran da sarƙa ke hawa ko sun yi tsini, ka kama birkin gaba ka jijjiga ka ji ko wuya na ƙwanƙwasa, ka tsaya daga baya ka ga ko tayoyin biyu na kan layi ɗaya. Babur ɗin da ya yi shekaru yana kabu-kabu, ko an yi masa sabon fenti, ya riga ya ba da mafi yawan abin da ke gare shi. Abin da ya fi inji muhimmanci shi ne takardu. Muna kusa da iyaka, babura na shigowa ta Jibiya da ma hanyoyin daji, wasunsu na sata ne. Lambar da ke jikin ƙarfen babur da ta inji su dace da abin da ke rubuce a takardar duwan da kart giris (takardar rajistar babur), a kuma rubuta takardar ciniki gaban shaidu. In mai sayarwa ya ce takardu na gida zai kawo daga baya, ka riƙe kuɗinka har su zo.

Duk abin da ka tara, ka ware wajen kashi ɗaya cikin biyar kafin ka shiga shago. Na farmi ne da lamba da inshora da makulli mai kauri, da kuma hular kwano. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kashi 69. Na san zafin Maraɗi, na san bazara na wuce digiri 40, amma kai ɗaya ne ba a sayar da wani. Ka nemi mai rufe haɓa, mai alamar harafin E cikin da'ira a jikin igiyarta, wadda ta kama kanka ba ta juyawa, ka kuma ɗaure igiyar, domin hular da ba a ɗaure ba ita ke riga mai ita isa ƙasa. Irin ta masu aikin gini ba ta cikin lissafi. Takalmi rufaffe, ba silifas ba. Hajiya, ki tattara hijabi da bakin zane ki zauna a kansu, haka ma mai babbar riga, domin sarƙa da wayoyin tayar baya in suka kama tufa ba sa saki.

Batun mai kuwa ya canja. Da can man kwalba na ƴan ruwa-ruwa ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba, amma tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 lissafin ya juya. Muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, a Yulin 2024 kuma aka sauke litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Ga sabon inji, man famfo ya fi kwanciyar hankali, domin kwalbar da ta yini a bakin hanya ba ta rasa ƙura ko ɗigon ruwa, kuma a kafireto suke taruwa. Da hunturu a riƙa duba matacin iska a kai a kai, sarƙa kuma a bar mata sassauci kamar santimita 2 zuwa 3, kada a ɗaure ta tamau.

In sabo ka saya, ka tuna a kwali yake zuwa, a nan ake haɗa shi, wani lokaci cikin gaggawa. Kafin ka fara zuwa aiki da shi, kai wa makanikenka ya bi kusoshin taya da na birki da na kan babur ɗaya bayan ɗaya, ya duba baƙin mai da iskar taya. Kilomita 1000 na farko kada ka murɗe totur har ƙarshe, kada ka yi masa lodi, juyen farko kuma a yi shi wajen kilomita 500, lokacin da ɓarɓashin ƙarfen sabon inji ya taru a cikin man.